Ka Sa wa A-Kori-Kura Fitilar LED, Wuta Ta Rikice: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Da rana tsaka aka sa wa Hilux ɗina ƙwayayen LED, a bakin shagon da na saye su. Yaron shagon ya zare na halojin, ya cusa sababbin, na murɗa makunni, suka kama fari fat. Sai da dare ya yi, na taso daga Gaya da buhunan masara a baya, na lura duk motar da ta tunkaro ni sai ta yi ta watso mini ful. Na duba dasbod, shuɗiyar alamar nan ta ful a kashe take, don haka a zatona a dim nake. Wajen gadar Wudil wani mai tirela ya kusa hawa kaina, na gangara gefe na fito na tsaya gaban motar. Ashe tun daga Gaya a ful nake tafiya, ina kashe wa bayin Allah ido, alamar ce ta daina aiki. Ƙwan lafiyarsa lau, motar ma lafiyarta lau. Zamansu tare ne bai yi ba.

Wannan shi ne abin da ya kamata ka riƙe kafin ka bari wani ya ɗauko filaya. Wayarin motarka an tsara shi ne a kan ƙwan da ke da siririn zare a ciki. Ƙwan halojin na H4, wato mai ƙafa uku da ya haɗa dim da ful, yana cin wat 60 a ful, wat 55 a dim, wato kusan amfiya 4 da rabi zuwa 5 kowanne. Zaren nan bai damu da ta wane ɓangare wuta ta shigo ba, kuma ko ba a kunna shi ba hanya ce da ƙaramar wuta za ta iya bi ta wuce. Ƙwan LED kuwa galibi wat 20 zuwa 35 yake ci, ko me aka rubuta a kwalinsa. Yana da gaba da baya a wajen shigar wuta, kuma tsakaninsa da wayar mota akwai ƙaramin akwati mai sarrafa wuta da ake kira direba. Kusan duk rikicin da za ka gani daga waɗannan bambance-bambance yake fitowa.

Mayar da tsohon ƙwan tukuna

Kada ka yar da ƙwayayen halojin, kada kuma ka bar wa yaron shago. Su ne ma'auninka na farko. Da zarar matsala ta ɓullo, mayar da su duka biyun ka kunna. In komai ya koma daidai, ka san rashin jituwa ne tsakanin LED da motar. In matsalar na nan, to da ma akwai ta a kwance, ko kuma an taɓa wani abu lokacin sa ƙwan: soket ya buɗe baki, waya ta zare, fis ya tafi. Ka riƙe ƙwan halojin ta gindinsa, maiƙon yatsa a kan gilashin yana rage masa kwana.

In gefe ɗaya ne ke ba da matsala, musanya: na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu, har da direbansa. Matsalar ta bi ƙwan, ƙwan ne ko direbansa. Ta tsaya a gefen da take, wayar motar ce. Gwajin minti biyar ne, amma ya fi awa guda na tsaye ana hasashe.

Abin da kake buƙata bai da yawa: mita mai auna bolt da amfiya, 'yan fis na ajiya masu lamba daidai da na motar, guntuwar waya mai fis a jikinta don gwaji, da samfefa. Kuma ka kafa wa kanka doka ɗaya, ka faɗa wa mai wayarin ma tun kafin ya fara: ba za a yanke wayar asali ta mota ba. Duk abin da za a ƙara, ya zama mai shiga soket ne wanda za a iya zarewa gobe. Na sha ganin motocin da aka feɗe musu waya ana neman matsalar da juya soket kawai zai magance, kuma wayar da aka feɗe aka naɗe da baƙin tef, damina ɗaya take jira.

Batir da altaneta

Kashe inji, ka bar motar ta huta, ka ɗora mita a kan batir. Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. Ƙasa da 12.2 ya yi rauni. Tayar da inji, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ya haura 15, abin da ke daidaita cajin altaneta ya lalace, kuma zai ci gaba da kashe maka direbobin LED ɗaya bayan ɗaya. Sababbin motoci masu cajin da kwamfuta ke sarrafawa sukan sauko ƙasa da 13.8 da gangan, wannan ba laifi ba ne.

Sannan ka juya mitar zuwa ɓangaren AC, wato ma'aunin wuta mai kaiwa da komowa, inji na aiki, fitila da fanka a kunne. Lambar ta zama ƙarama sosai. In ta kai rabin bolt, akwai dayod, wato abin da ke sa wuta ta bi hanya ɗaya tak, da ya mutu a cikin altaneta. Halojin yakan haɗiye irin wannan rawar wutar saboda zarensa ba ya hucewa nan take, LED kuwa tona asiri yake yi, sai ka ga haske na rawa kana zargin sabon ƙwai alhali altaneta ce ta daɗe tana ciwo.

Kafin ka bar wajen, kama kan batir ka girgiza. In ya motsa ko ya yi farin gari, kankare shi ka ɗaure. Ka kuma tabbatar motar mai bolt 12 ce. Manyan motocin dizal da yawa 24 suke, kuma ba kowane LED ke ɗaukar hakan ba.

Ƙwan ya ƙi kamawa sam

In ƙwanka mai ƙafa biyu ne, irin H11 ko 9005 ko 9006, zare soket ɗin da ke tsakanin ƙwan da wayar mota, ka juya shi ka mayar. Sau da yawa shi ke nan, fozitif da nagatif ne suka saɓa.

Mai ƙafa uku, wato H4, shi ne inda masu Toyota ke shan wahala, kuma a nan zan daɗe. A yawancin motoci, ƙafa ɗaya daga cikin ukun nagatif ce ta dindindin, makunni kuma yana aiko da fozitif zuwa ƙafar dim ko ta ful. Toyota ta daɗe tana yin akasin haka a Hilux da Land Cruiser da dama: ƙafar da dim da ful suka yi tarayya a kanta ita ke ɗauke da fozitif, makunnin da ke jikin sitiyari kuma nagatif yake haɗawa. Halojin bai san an yi ba. LED mai gaba da baya kuwa, ko ya ƙi kamawa, ko ya kama rabi da rabi, ko dim da ful su cakuɗe.

Kada ka dogara da shekarar mota ko abin da wani ya ce, auna da kanka. Zare soket na fitilun duka biyu. Wannan na da muhimmanci, domin in ka bar ƙwai ɗaya a jone, wuta za ta zagayo ta zarensa ta ruɗa maka lissafi. Ɗora baƙar wayar mita a nagatif ɗin batir. Kunna fitila a dim, ka taɓa ramukan soket ɗin uku da jar wayar, ka lura da wanda ya ba da bolt 12. Mayar ful, ka sake. In wutar ta tashi daga wannan rami ta koma wancan, motarka fozitif take sauyawa, irin tsarin da yawancin LED ke tsammani. In rami ɗaya ne ke riƙe da wuta a dim da ful duka, nagatif take sauyawa.

In haka ne, hanya biyu gare ka. Ko ka nemi LED da aka rubuta cewa ba ya zaɓen ɓangare, ko ka sa wayarin rile da aka yi musamman don irin wannan tsari (rile makunni ne da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babbar wuta). Abin da ba zai yi ba shi ne sauya wa ƙafafun soket wuri kawai, domin ba wuri ne matsalar ba, tsarin ne gaba ɗaya a juye.

Shuɗiyar alamar ful

Wannan ita ta same ni. A irin wancan wayarin na Toyota, ƙaramin ƙwan alamar ful da ke dasbod ba shi da tasa wayar daga makunni. Idan ka sa ful, makunni ya saki wayar dim daga nagatif, sai wuta ta bi ta cikin zaren dim na babban ƙwan, ta gangaro ta kunna alamar. Wutar ba ta kai ta haska babban zaren ba, amma ta ishi ɗan ƙwan dasbod. Dabara ce mai kyau ta rage waya. Ka cire halojin, ka cire gadar da wutar ke bi.

Mai wayarin da ya gyara mini bai ɓata lokaci ba. Ya saurari bayanina, ya ce, "Alhaji, ba ƙwan dasbod ba ne, kada ka bari a kwance maka mita." Ya ɗauko ƙaramin ƙwan sigina mai waya biyu, ya taɓa ɗaya a wayar tarayya mai fozitif, ɗaya a wayar dim, ya ce in sa ful. Alamar ta kawo shuɗi nan take. Maganin dindindin shi ne a sa rezista, wato ɗan abin da ke jan wuta yana mayar da ita zafi, a daidai wannan wuri, tsakanin waɗannan wayoyi biyu, a gefe ɗaya kawai ya isa. Ka sani duk lokacin da kake dim rezistan yana shan cikakkiyar wuta yana zafi, don haka a zaɓi mai mafi girman lambar om, wato mafi ƙarancin jan wuta, da zai iya kunna alamar, a kuma ɗaure shi a ƙarfe. Wasu wayarin rile na H4 suna zuwa da shi a haɗe, tambaya kafin ka saya. A wasu motocin fitilar hazo ma ta irin wannan hanya rile ɗinta ke samun wuta, shi ya sa takan mutu rana ɗaya da alamar ful, ta kuma dawo tare da ita.

Haske na ƙyaftawa

Kalmar "tana ƙyaftawa" ba ta isa bayani ba. Yadda take ƙyaftawar da lokacin da take yi su ne ke nuna inda ciwon yake, don haka tsaya ka kalla da kyau kafin ka sayi komai.

In sai ka faɗa rami ko ka hau burji take yi, waya ce ba ta zauna ba. Kunna fitila, ka bi wayoyin kana girgiza su ɗaya bayan ɗaya, daga soket zuwa direba zuwa inda nagatif ya kama bodi. Inda haske ya motsa, nan ne. Ka leƙa cikin soket ɗin asali: shekarun zafin halojin sukan sa robar ta yi baƙi, ƙarafunan ciki su saki. Ƙafafun wasu LED kuma sun fi na asali siranta. Soket sabo ba shi da tsada, a sauya shi. Wajen nagatif, kwance notin, kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya fito fes, ka ɗaure. Don ka tabbatar, bar fitila a kunne, ɗora mita tsakanin nagatif ɗin batir da nagatif ɗin fitilar. Abin da ya wuce bolt 0.2 asara ce. A ɓangaren fozitif, daga batir zuwa soket, kada ya wuce rabin bolt. A motar da ke sauya nagatif, wutar sai ta bi ta makunnin sitiyari kafin ta koma, don haka lambar takan ɗan fi haka, kuma makunnin da ya tsufa shi kansa yana jawo ƙyaftawa.

In tana tsaye cak idan inji na kashe, amma da ka tayar sai ta fara rawa da sauri, kuma ka riga ka wanke altaneta daga zargi, to ƙwaƙwalwar motar ce. Motoci da yawa na zamani, musamman manyan a-kori-kura da ake shigowa da su daga Amurka irin su Ram da Ford F-150, ba sa aika wa fitila wuta a miƙe. Kwamfuta ce ke datsa ta tana saki sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, don ta daidaita ƙarfinta ta tsawaita ran ƙwai. Zaren halojin ba ya nuna wannan, LED kuwa yana bin kowane datsi. Ɗauki bidiyon fitilar da wayarka a yanayin tafiyar hawainiya, za ka gan shi ƙarara. Maganinsa ƙaramin akwati ne mai kafasita a ciki, wato abin da ke tara wuta ya sake ta, ana sayar da shi da sunan dikoda ko kanbos, yana shiga tsakanin soket da direba ya cike giɓin.

In ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu, ba ta dawowa sai ka kashe ka sake kunnawa, ko dasbod ya nuna alamar ƙwai ya mutu, kwamfutar ce ta auna abin da fitilar ke ja, ta ga bai kai na halojin ba, ta yanke hukuncin cewa ƙwan ya ƙone, ta rufe layin. Motocin Ram sun yi suna a wannan. A nan kafasita kaɗai ba ta isa ba, sai an ƙara abin da zai ja wuta, wato dikoda mai rezista. Ita ma walƙiyar da LED ke yi sau biyu ko uku da ka murɗa makulli, kwamfuta ce ke aika ɗan bugun wuta tana gwada ko ƙwan na nan. Wannan ba ya cutar da komai.

Akwai kuma fitilar rana. Wasu motocin da aka yi don Amurka da Kanada suna kunna ƙwan ful da ragaggen ƙarfi duk lokacin da inji ke aiki. LED ba ya son rabin wuta: ko ya yi ta ɓari, ko ya kama da cikakken haske da rana tsaka. In mita ta nuna maka wajen rabin ƙarfin wutar batir a soket alhali makunni a kashe yake, ita ce. Dikoda mai kyau yakan shawo kanta, ko kuma a kashe tsarin fitilar ranar ta hanyar da littafin motar ya nuna.

Maganar rezista

Ina so a yi hattara a nan, domin wuta ce. Rezistan da aka fi sayarwa mai om 6 ne, wat 50, mai ruwan zinare. A bolt 14 yana jan fiye da amfiya 2, yana mayar da kusan wat 33 zafi zalla. Cikin 'yan mintuna ba ka iya taɓa shi. Na ga wanda aka ɗaure wa shi da igiyar roba a jikin tankin ruwan wanke gilashi. Da aka buɗe bonet, igiyar ta narke, rezistan ya huda tankin ya nutse ciki rabi, wayar da ke kusa ta yi baƙi ta ƙanƙance, saura ƙiris ta haɗu da bodi. A ɗaure shi da sukuru a jikin ƙarfen mota, nesa da roba da tiyo da bututun mai, inda iska ke ratsawa. Kuma ka san cewa da ka sa shi, sauƙin cin batir da aka yi maka tallar LED da shi ya tafi.

Wayarin rile

Ga tsohuwar mota marar kwamfuta, wannan ne gyaran da na fi yarda da shi, domin yana ɗauke nauyi daga tsofaffin wayoyi da makunnin sitiyari. Rile biyu ake sawa, ɗaya na dim ɗaya na ful. Waya mai kauri, murabba'in milimita 2.5, ta taso daga fozitif ɗin batir, a sa mata fis na amfiya 15 kusa da batir ɗin, kada ya wuce taƙi ɗaya, ta shiga ƙafa mai lamba 30. Ƙafa 87 ta tafi fitilu. Ƙafa 85 da 86 su ne na kunna rile ɗin, daga tsohon soket suke samun umarni. A motar da ke sauya fozitif, 86 ta kama wayar dim ko ta ful, 85 ta tafi bodi. A mai sauya nagatif, 86 ta kama wayar tarayya mai fozitif, 85 ta kama wayar dim ko ta ful. Nagatif ɗin fitilun kuma ya tafi bodi kai tsaye. Da haka LED ya samu tsarin da yake so, ba a yanke ko waya ɗaya ba. Ana samun irin wannan wayarin a haɗe a kasuwannin kayan mota irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Duba kaurin jan ƙarfen da ke ciki, kada kaurin roba ya ruɗe ka.

A motar da kwamfuta ke datsa wuta, rile yakan yi ta ƙara kamar ƙudan zuma, kuma abin da yake ja bai kai ya gamsar da kwamfutar ba. Irin wannan mota a kai ta wajen mai na'urar karanta ƙwaƙwalwa. Wasu ana iya shiga a sauya musu saiti a gaya musu LED ne yanzu.

Fis na ƙonewa

LED bai kai halojin jan wuta ba, saboda haka in fis ya ƙone bayan an sa shi, wata waya ce ke taɓa bodi, ko direba ya lalace a ciki, ko an haɗa rezista ba daidai ba. Zare LED duka biyu, sa sabon fis, kunna. Ya ƙone, matsalar na cikin wayar mota, bi ta inda aka matse ta da murfi ko ta goga da kaifin ƙarfe. Bai ƙone ba, jona ƙwai ɗaya, sannan ɗayan, mai laifin zai nuna kansa. Ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Abin da ka cire shi za ka mayar. Wanda ya sa maka babba, ko ya naɗa zaren waya a gurbin fis, ya mayar da wayarin motar gaba ɗaya fis, kuma ita za ta ƙone a madadinsa.

Zafi da ƙura

Fitilar da ke kamawa lafiya, bayan minti goma sha biyar ko ashirin ta dushe ko ta mutu, in ta huce ta dawo, zafi ne. Gaban LED ba ya zafi kamar halojin, amma gindinsa yana yi, shi ya sa ake sa masa 'yar fanka. A zafin Afrilu da ya haura digiri 40, a gefen injin dizal, fankar nan ba ta da hutu. Kunna fitila inji na kashe, kasa kunne a bayan kowane ƙwai. Shiru ko ƙarar gurnani na nufin ta tsaya ko ta kusa. Ƙurar hunturu ce ke cika ta, a hure ta da iska lokaci zuwa lokaci. Direban ma kada a bar shi yana lilo kusa da lagireto.

Sai murfin roba na bayan fitila. Masu sawa da yawa sukan cire shi su ajiye don gindin LED ya ƙi shiga. Wata biyu a hanyar ƙauye, madubin cikin fitilar ya yi ja da ƙura, damina ta zo gilashi ya yi gumi, hasken da ka saya ya tafi. A H4 akan zare zoben ƙwan a fara ɗaure shi, a mayar da robar, sannan a cusa ƙwan ta cikinta, fankar ta kasance a waje. In fitilar mai rufaffen murfi ce, akwai murafu masu zurfi da ake sayarwa don wannan.

Rediyo, rimot da batir mai kwana ya mutu

In tashar FM na fita tas, da ka kunna fitila sai shuuu, direban LED ne ke watsa hayaniya ta cikin wayoyi. Wani lokaci har rimot ɗin buɗe ƙofa yakan rage nisa. Sayi zoben ferayit mai maƙalawa, irin kumburin da kake gani a wayar cajar kwamfuta, ka maƙala a wayar kusa da direba, ka nisanta ta da wayar eriya. In bai ragu ba, direban ne marar kyau, sai sauya ƙwai.

In kuma batir ya fara kwana ya mutu, ko kana ganin LED na ɗan haske bayan ka kashe komai, cire nagatif ɗin batir, sa mita a ma'aunin amfiya 10 tsakaninsa da wayar, rufe ƙofofi, ka jira kamar rabin awa kwamfutoci su yi barci. Kada ka tayar da inji ko ka kunna fitila mita na haɗe haka. Abin da ya wuce amfiya 0.05 akwai mai shan wuta a ɓoye. Zare fis ɗin sabon wayarin ka gani ko lambar ta faɗi. Galibi rile ne ya maƙale, ko an ɗauko masa umarni daga wayar da ba ta mutuwa.

Wanda ya sauya har da ƙwayayen sigina ya ga suna ƙyaftawa da gudu, wannan filasha ce, wato abin da ke sa sigina ƙyaftawa, ke zaton ƙwai ya mutu. A tsofaffin motoci a sauya ta da wadda aka yi don LED, ya fi rezista tsafta.

Saita hasken

Wuta ta daidaita, saura abin da ya shafi ran mutane. 'Yan ƙwayoyin da ke ba da haske a jikin ƙwan LED su kalli hagu da dama, kamar ƙarfe 3 da ƙarfe 9 a agogo. A H4, 'yar garkuwar da ke jikin ƙwayar dim ta kasance a ƙasanta. In ta koma sama, dim ɗinka sama zai riƙa haskawa.

Nemi shimfiɗaɗɗen fili marar gangara mai bango, da dare. Matso da motar daf da bangon, ka yi alama da alli a daidai tsakiyar kowace fitila. Ja da baya a miƙe mita 10, kunna dim. Layin da haske ya yanke ya sauka ƙasa da alamar da santimita 10 zuwa 12. Fitilu da yawa an rubuta musu 1.0% ko 1.2% a jiki, ma'anarsa ke nan. Akwai sukurun saiti a bayan fitilar. Tunda a-kori-kura ce, ka tuna in ka loda baya gaba yana ɗagawa. In da kaya kake yawan tafiyar dare, saita ta da kayan a kai, ko ka yi amfani da maɓallin sauke fitila in motar na da shi.

Ka kuma kalli siffar layin. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kamar Nijar, don haka hasken ya kamata ya ɗaga ta dama, wajen bakin hanya, ya kwanta ta hagu inda masu tahowa suke. In naka ta hagu yake ɗagawa, gidan fitilar na ƙasar da ake tuƙi a hagu ne, irin Japan ko Tailan ko Ingila, kuma galibi babu saitin da zai gyara shi sai an sauya gidan.

Game da launi, farin nan mai shuɗi-shuɗi na 6000K zuwa 6500K yana da kyau a ido a cikin gari, amma a hazon Disamba ni dai na same shi yana dawo mini a fuska kamar farin bango. Mai 4300K, wanda ya ɗan karkata zuwa rawaya, ya fi nuna mini rami da dabba a gefen hanya.

In ka juya ƙwan ta kowace fuska, ka saita sukuru, amma bangon bai nuna layi mai kaifi ba sai haske a warwatse har sama, ƙwayoyin wannan LED ba su zauna a inda zaren halojin yake zama ba, madubin kuma don zaren aka ƙera shi. Cire shi. Ko ka nemi wani mai siraran ƙwayoyi ka sake gwadawa a bangon kafin ka biya, ko ka mayar da halojin mai kyau ka sa masa wayarin rile, ka goge gilashin da ya yi rawaya. Tsohuwar Hilux da ke asarar bolt ɗaya ko fiye a tsofaffin wayoyi, in cikakkiyar wuta ta isa ga halojin ɗinta, haskenta yana ƙaruwa sosai, alamar ful kuwa, ka tabbatar wayarin rile ɗin ya zo da rezistan nan a haɗe don ta ci gaba da aiki.